Kwamfutar da Na Koya wa Kunya

Da hutu Kawu ya damƙa min kwamfutar shagonsa a Nguru. Na rubuta manhajoji biyu masu adana aiki a faifan kwamfutar, kuma don tsabar taka-tsantsan na sa kowace ta jira 'yar'uwarta ta gama tukuna. Har kirari na yi wa kaina a zuci.

Ranar da abokan ango suka cika shagon suna jiran katin biki, kwamfuta ta sandare. Kowace manhaja tana jiran ɗayar.

Falmata, 'yar ajinmu daga Gashua, ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Zaɓi ɗaya ta zama babba, ta riƙa farawa mana." Layi guda ta gyara, aiki ya tashi. Wallahi ta burge ni.

Har yau in muka haɗu da Kawu a bakin ƙofa, sai ya ce, "Injiniya, fara shiga, kar mu kwana a nan kowa yana jiran ɗan'uwansa."