Ranar da Sarkin Rum Ya Hana Mu Ƙwallo

Ni aka naɗa alƙalin wasa ranar da 'yan Najeriya mazauna Amurka za su kara da 'yan uwansu 'yan Nijar a garin Hyattsville, washegarin Babbar Sallah. Da aka zo jefa kwabo don zaɓen raga, sai na raina kuɗin Amurka. Na zaro mafi daraja cikin tsoffin azurfofin Rumawa da nake tarawa, mai kan wani sarki da gemu da rawanin ganye, wadda ko matata ba ta taɓawa.

"Wannan ta girmi kakannin kowa," na ce. "Sarki ko bayansa?"

Na cilla ta har ta kusa gaisawa da jirgi. Ba wanda ya ga saukarta.

Wallahi jama'a sun tausaya mini. Likitoci da direbobi suka durƙusa da tumbinsu suna laluben ciyawa, har wani Bature mai wucewa ya cire hula, ya zaci salla muke. Rana ta faɗi ba a taɓa ƙwallo ba. Can Isuhu, golan Nijar, ya ce, "Alhaji, warware naɗin ƙafar wandonka."

Sarki ya faɗo.

Har yau in na shiga taro sai a miƙe: "A matsa, wandon fada ya iso!"