Mariƙin Madubin Bindigar Baba

A haraj, kasuwar gwanjo, na hango shi cikin tarkace: tsohon mariƙin madubin bindiga, mai kunnuwan saiti a waje. Irinsa na ga marigayi Baba yana murzawa a zaurenmu na Azare ina yaro. Ko tayawa ban yi ba, na biya.

Ranar Juma'a a gidan Hajiyarmu da ke unguwar Sa'alaba, na tara ƙannena da 'ya'yansu, na gyara zama kamar mai tafsiri. Na ɗauko mariƙin, na nuna musu kunnen da Baba ke murzawa idan iska ta taso, da wanda yake murzawa idan barewa ta yi nisa.

Hajiya ta ajiye kofin shayi. "Halas, ya isa. Babanku ko kaza maƙwabta ke yanka masa. Bindigar ta amininsa ce, ya kawo masa ya sa mata mai, tunda shi babanku keken ɗinki yake gyarawa."

Har yau nakan ɗauko mariƙin in murza idan kewarsa ta kama ni. Yaran kuwa, da na shigo sai su miƙe: "Yalla, a ba da hanya, ɗan Sarkin Baka ya iso!"