Muryar Baba Sale a Bakin Sito

Shekarar da hatsi ya yi tsada har ɓarayi suka fara fasa rumbuna, ina ƙaramin ma'aikaci a siton ƙungiyar manoma, a bayan wani ƙauye kusa da Minjibir. Ni kaɗai na yi difloma, kuma ban bari kowa ya manta ba.

Na shawo kan shugabanmu, Alhaji, muka sayi wata na'ura mai aiki da hasken rana, wadda ke magana da zarar mutum ya gifta. Na ɗauki muryar maigadinmu, Baba Sale, da wayata, na saka a ciki, na ɓoye na'urar saman ƙofa. Na ce kada a gaya wa kowa.

Kafin a ji ta, Baba Sale ya rasu kwatsam, ni kuma na manta da ita.

Muna dawowa daga maƙabarta da la'asar, gari ya yi tsit, hanya ta biyo da mu ta bakin siton. Sai muryar mutumin da muka binne yanzun nan ta fito, har da ɗan tarin nan nasa: "Kai, na gan ka. Ajiye abin da ka ɗauka."

Liman ya fara salati ƙasa-ƙasa. Mai haƙar kabari ya ajiye digarsa a hankali. Wanda ya fara zurawa da gudu kuwa ni ne, da na kafa na'urar da hannuna.

Har yau idan na ciro waya a majalisa, sai dattawa su yi shiru. Alhaji yakan ce, "Mai da ita aljihu, Malam. Ni idan na tafi, hutawa nake so in yi."