Yadda Na Toshe wa Kwamfuta Hanci

Da na sayo kwamfutar tebur don shagona na buga takardu a Batsari, sai na ga ramuka a bayanta. Na yi mamakin sakacin masu ƙera ta, ai kyankyasai za su tare a ciki. Na samo salatif na liƙe su tas, har na kira maƙwabcina Lawal tela ya ga dabara.

Sai ta fara mutuwa ana tsakar aiki. Ranar da ta ɗauke da takardar neman aikin wani malami, Lawal ya goya ni da ita a babur zuwa Safana, wurin Alhajin da ya sayar mini. Tun daga bakin ƙofa nake faɗa, mutane suka taru.

"Alhaji, gawa ka sayar mini!"

Ya juya ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya fara ɓare salatif a hankali.

"Malam, wane azzalumi ne ya toshe mata hanci? Ta nan take shan iska."

Na ce zan bincika.

Lawal ya ce, "Ai har kirana ya yi in yaba."

Har yau in mura ta kama ni, 'yan layinmu sai su tambaya ko salatif ne.