Ranar da Na Bar Baban Rakiya a Cikin Fijo

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko Baban Rakiya daga Kuyello ba. Lokacin ana maganar aurena da ita, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da na ji zai shigo Birnin Gwari, sai na yi caraf na ce ni zan kawo shi a tsohuwar Fijon da na gada (wadda nake wankewa fiye da yadda nake wanka).

Muna shiga daji jar fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa. Na karkata kafaɗa na kare ta.

"Lafiya dai motar?" in ji Baba.

"Garau take, Baba. Kwantar da hankalinka."

Kowa ya san hanyar nan da 'yan bindiga, ko fitsari ya matse ka ba ka tsayawa. In tsaya duba mai? Ina! Na ƙara taka ta, ina salati a zuci, gumi na bin bayana. Can sai sitiyari ya yi tauri, na murɗa da hannu biyu ya ƙi. Fitilu duk suka kama ja. Sai na ji "tau!" a bayanmu.

Jama'a, ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na dai tsinci kaina kwance cikin ƙaya da takalmi ƙafa ɗaya, ina jiran harbi na biyu. Shiru. Can sai muryar tsoho: "Malam! Fito, salansa ce!"

Na fito ina kakkaɓe riga. Ashe inji ne ya mutu, shi ya sa sitiyarin ya ƙage. Motar kuwa ta ci gaba da gangarawa da Baba shi kaɗai, sai da ya ja birkin hannu. Na tarar ya buɗe gaba, ya zaro ƙarfen awon mai, ga shi a bushe ƙamas. Ya dube shi, ya dubi ƙafata. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ita dai mota za ta gyaru," ya ce.

Daga ƙarshe wata babbar mota ce ta janyo mu gari.

Rakiya yanzu tana aure a Randagi, mijinta ko mota ba shi da ita, babur yake hawa. Ni kuma ba na tada Fijo sai na duba mai. Ƙafafun nan nawa ne har yau ban sami bakaniken da zai duba min su ba.