Kunnen Lawandi da Kalangun Ɗayyabu

Wani mutum ne ana ce masa Lawandi Kunne, shugaban wata ƙungiyar makaɗa a Fagge. Waƙarsa dai ga ta nan, ba yabo ba fallasa. Amma kunne? Kada ma ka tayar da zancen in kana sauri. Cewa yake in sauro biyu suka wuce, zai gaya maka wanne ne ya saki layi. Don haka in zai saurari kiɗa, sai ya juya wa makaɗa baya, ya runtse ido gam. Wai ido ɓata wa kunne aiki yake.

Ana nan sai ƙungiyar makaɗan gari ta ce za ta naɗa alƙalin gasar kiɗa ta bana. Mutum biyu ake magana: Lawandi, da mai kalangunsa, Ɗayyabu, wani salihin bawan Allah da bai iya musu ba. Abin ya tsaya wa Lawandi a rai. Yaronsa ya zauna kujerar alƙali, shi yana ƙasa yana tafi?

Sai ya ja Munzali, mai haɗa sauti a sutudiyo, gefe.

"Gobe in mun shigo, ka danna ɗaukar sauti a ɓoye. So nake manya su ji yadda nake gyara wa Ɗayyabu hannu."

Munzali ya ce, "To, Oga."

Ita kuwa sutudiyon, bango ɗaya ne ya raba ta da shagon masu bugun shadda.

Washegari da hantsi Lawandi ya shigo yana baza hannun riga. Ko kallon kowa bai yi ba. Ya juya kujera, ya runtse ido, ya ce, "Bismilla."

Tim, tim! Tim-tim-tim!

"Tsaya! Ɗayyabu, kalangu kake kaɗawa ko tabarma kake kakkaɓewa?"

"Maigida, ni fa ban..."

"Ban me? Shekara talatin ina cin abinci da kunnen nan! Hannun hagunka ya yi nauyi. Sake!"

Tim-tim! Tim!

"Ka ji ko? Ka matse tsarkiya da yawa."

"Maigida, da za ka buɗe ido..."

"In buɗe ido in ga me? Takaici?"

Sai tsit.

"Wa ya ce ka tsaya?"

"Wallahi ba ni na..."

"Rantsuwa kuma! Ku shaida, ya tsaya, yana rantsuwa bai tsaya ba."

Haka aka kwashe minti arba'in. Can sai kiɗan ya kankama, timtim-timtim-timtim, ba ƙaƙƙautawa. Lawandi ya fara gyaɗa kai, har da ɗaga yatsa sama.

"Yauwa! Yanzu ka ji kalangu! Da ba don ni ba, yaushe za ka iya wannan?"

Ya miƙe, ya fita, ya bugo ƙofa garam. Da yamma ya sa Munzali ya tura wa ’yan ƙungiyar makaɗan gari kaf abin da aka ɗauka. Munzali ya ce, "Oga, ba ka saurara ba tukuna?" Lawandi ya ce mai kunne irin nasa ba ya jin abu sau biyu.

Kafin mako ya zagayo, abin ya cika gari. A teburin mai shayi shi ake sawa. ’Yan adaidaita sun haddace shi kamar karatun allo. Mace in ta gyara gishirin miya sai ta ce, "Yauwa, yanzu ka ji kalangu!" Lawandi in ya ratsa kasuwa, sai ihu, "Wa ya ce ka tsaya?" Shi kuwa ya ɗaga musu hannu biyu, daɗi kamar ya kashe shi. Ya ce wa matarsa ashe mutanen garin nan sun san gwani.

Ranar naɗi ya ci ado da shadda sabuwar bugu, sai sheƙi take. Ya tashi gaban dattijon ƙungiya, Baba Iliya mai kukuma, ya ce a kunna hujjarsa a lasifika kowa ya ji. Baba Iliya ya ce, "Ka tabbata?" Ya ce ƙwarai.

Aka kunna. Lawandi ya runtse ido yana murmushi har aka kawo garam ɗin ƙofa. Ya buɗe ido zai karɓi tafi, ashe da saura.

Muryar Ɗayyabu ce, a sanyaye: "Munzali, kalanguna fa yana waje. Na shanya shi a rana, fatar ta sha sanyi."

Muryar Munzali: "Na sani."

Ta bayan bango kuwa, timtim-timtim, sai wani ya ɗaga murya: "Kai, juya rigar nan, wuyan bai bugu ba!"

Ɗakin taro ya kece da dariya. Wani mai algaita sai da aka fitar da shi ya sha iska. Lawandi ya rasa inda zai sa ido, ga shi runtsewar ma yanzu ba ta yiwuwa.

Baba Iliya ko murmushi bai yi ba. Ya gyara hula, ya ce, "Alƙalanci dai na Ɗayyabu ne. Amma kai ma ba ka tashi a banza ba, Lawandi. Masu bugu sun aiko. Sun ce don Allah ka leƙo ranar Laraba, akwai kayan biki da yawa, kuma tun da ka daina gyara musu hannu aikin ba ya sauri."