Sallamar Alhaji Inusa a Tashar Bas

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ƙi amsa sallamar Alhaji Inusa ba, ina zaune a kan bencin tashar bas a Takoma Park, wata unguwa a nan ƙasar Turawa, idona biyu, kunnena yana ji sarai.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin zangon Kumasi ne, aikina kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Da yamma kuma ina zuwa ajin manya inda muke koyon karatu da rubutu. Malamarmu wata baturiya ce, Jeni, wadda a haife na haife ta, amma Malama nake ce mata. Ashe bayan koyarwa makaɗiya ce. Su huɗu ne a ƙungiyarsu, suna irin kiɗan nan na jita mai ƙara, ita ce mai ganga. Ba su yi suna ba tukuna, sai dai suna da tsarinsu: ba sa murmushi a hoto, kayan gwanjo suke sawa, bidiyonsu kuma da gangan suke dusashe shi ya zama kamar kaset ɗin biki da ya sha ruwa. (Na taɓa tambayar ta ko kyamarar ce ta lalace. Ta ce a'a, sai da suka sha wahala kafin ya fito haka.)

Wata rana bayan aji ta ce tana neman alfarma. Za su ɗauki bidiyon sabuwar waƙarsu, suna son dattijo ya zauna a tashar bas, su wuce ta gabansa suna kiɗa, shi kuma ko kallo ba zai yi musu ba. A tashi ɗaya za a ɗauka, babu yankewa.

"Ban taɓa ganin mai haƙurin zama kamarka ba," in ji ta.

Kaina ya kumbura. Na ce ai zama shiru sana'ata ce, ni da nake zama gefen tsoho har ya gama cin ayaba guda.

Ranar Asabar na iso cikin shadda mai sitaci, wadda Hajara matata ta goge har tana ɗaukar ido. Mai kyamarar, wani dogo mai gashi har kafaɗa, ya dube ni kamar zai yi kuka. Wai na yi kyau da yawa. Aka sa na ɗora tsohuwar rigar sanyina ta zuwa aiki a kai.

Matsalar ita ce kyamarar ta aro ce, a daren za a mayar, kuma hasken rana mai ja-ja na gab da magariba suke so. Muka fara. Da suka iso gabana, na ɗaga wa Malama hannu. Ban san na yi ba, hannun ne ya tashi da kansa. Aka sake. Wannan karon mai jita ya yi tuntuɓe, na ce masa sannu. Aka sake. Na riƙe hannu da baki, sai ƙafa ta ci amanata, tana bin gangar.

Malama Jeni ta zo ta tsuguna gabana. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta nuna min rana ta ce saura sau ɗaya, in wannan ya lalace shi ke nan, sun daɗe suna shirin yau. Na tuna yadda yarinyar nan ta sha zama da ni bayan kowa ya watse, tana maimaita min layi ɗaya ba ta gaji ba. Na ce, "Malama, na yi miki alkawari. Ko me zai faru, ba zan motsa ba."

Suka koma can ƙarshen layi. Na kafa ido a kan wata bishiya, na sha kunu. Kiɗa ya taso. Sai na ji murya ta gefen dama.

"Salamu alaikum. A'a, kai ne a nan?"

Alhaji Inusa. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi lokacin da na zo ƙasar nan, na kwana a falonsa har na samu aiki, shi ya raɗa wa ɗana suna. Ya fito daga shagon kayan abincin gida riƙe da leda, zai hau bas. Mai kyamarar yana tsallaken titi, Alhaji bai lura da shi ba.

Na ce a raina, minti ɗaya ne, zan ba shi haƙuri daga baya. Na ci gaba da kallon bishiya.

"Salamu alaikum," ya maimaita, ya matso. Ya kira sunana. Ya kaɗa hannu a gaban fuskata. Ko ƙiftawa ban yi ba. (A gaskiya a lokacin har ina yaba wa kaina.)

Sai ya ajiye leda, ya ɗaga hannuna sama ya saki. To a nan ne wautar ta kai ƙarshe: na bar hannun ya faɗo yaraf. Ni a tunanina, riƙe shi motsi ne.

"Innalillahi. Hawan jinin nan ya kama shi," in ji Alhaji. Ya cire min hula, ya dafa kaina yana addu'a yana tofa min. Ya buɗe gorar ruwansa ya juye min a ka. Ruwan sanyi ya gangara ta wuyan shaddar Hajara. Daidai lokacin makaɗan suka iso, fuska a murtuke kamar yadda suka tsara. Alhaji ya tare su da hannu biyu, yana ce musu da Turanci su bar kiɗa su kira motar asibiti, mutum yana mutuwa suna wasa. Mutane suka fara taruwa. Na ji ya danna waya.

"Hajara, ki yi haƙuri, ki zauna tukuna kafin in gaya miki..."

"Wa alaikumus salam, Alhaji," na ce.

Alhaji ya sauke wayar a hankali.

"Lafiyata lau. Bidiyo muke ɗauka."

Ya dube ni, ya dubi makaɗan, ya hango mai kyamara. "Bidiyo," ya ce. "Da furfurarka. Riƙe amsarka, ta huce." Ya mayar da wayar kunne. "Hajara, mijinki bai mutu ba. Ɗan wasa ya zama."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ruwa yana ɗiga daga gemuna, rana ta kusa faɗuwa, Malama Jeni tana tsaye da sandunan ganga a hannu. Na ɓata mata aiki, na kuma ɓata wa mai masaukina rai, duk a zama ɗaya.

Alhaji ya ɗauki ledarsa ya zauna a bencin, ya kafa ido a titi, ransa a ɓace. Sai na ga mai kyamara ya tsallako da sauri yana yi wa Malama raɗa. Ta dubi Alhaji, ta dube ni. Ni aka aika roƙo.

"Alhaji, wai ko za ka yarda su wuce ta gabanka su ɗauka?"

Bai juyo ba. "Ni bas nake jira. Titi na kowa ne, mai wucewa ya wuce."

Suka ruga ƙarshen layi, suka taho. Alhaji bai ɗaga hannu ba, bai kaɗa ƙafa ba, bai ma nuna ya san an halicce su ba. A tashi ɗaya aka gama, da ragowar hasken. Ni kuwa aka ba ni wani farin allo in riƙe daga gefe, don haske ya faɗa a fuskarsa.

Bidiyon ya fito. Malama ta ce masu kallo ba su da tambaya sai wane ne dattijon nan. Alhaji ya ce shi bai kalla ba kuma ba zai kalla ba, amma 'yarsa ta gaya wa Hajara cewa yakan sa ta kunna masa, a kashe sautin.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya yi min sallama zan amsa masa nan take, ko kyamarar wa ke kallona. Aikin shan kunu kuma na bar wa waɗanda Allah ya ba.